Ludayin Farko na Motar Kaka

Ni bakanike ne, garejina yana Banikanni a Paraku. Na fi shekara ashirin ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, na ga taurin kai iri-iri, na direbobin tirela masu hawa Nijar da na 'yan tasi, har da nawa, don ni ma ba baya ba ne. Amma ban taɓa karo da wanda ya kai Kawuna na Jugu ba, yayan mahaifiyata. Mota ce ta haɗa mu, kuma ba don 'yata za a saka a cikinta ba, da ko kallonta ba zan yi ba.

Motar ta kakanmu ce, mahaifin Inna. Gidansu gidan fataken goro ne tun asali, kuma Kaka ya saye ta a hannun wani Bature ɗan kasuwa lokacin da Turawa ke tattara komatsansu. Doguwa ce baƙa, kujerunta na fata, gaban direba katako ne mai sheƙi, tsakanin direba da kujerar baya kuma akwai allon katako da gilashi a samansa. Ba ta da sigina irin ta yanzu, sai wani ɗan hannu mai fitila da ke miƙewa daga gefe idan za a karya kwana. Kaka ya rasu ina ƙarami, motar ta zama ta gida, makulli kuma ya zauna a aljihun Kawu.

Aikinta ɗaya ne a duniya: duk 'yar gidan da za a kai ɗakin miji, ta ɗa ko ta 'ya, a cikinta ake kai ta. Kuma akwai yadda ake yi. Ranar da matan gida suka matse man gyaɗan biki, ludayin farko ba ya shiga tukunya. Tace shi ake yi da farin ƙyalle, a kai wa Kawu, ya yi bismilla ya zuba a gidan man birki. Haka Kaka ya yi, haka ake yi. Da nake yaro abin burge ni yake yi. Da na koyi aiki kuwa, duk lokacin da na gani na san ɓarna ce, amma sai in kau da kai. Amaren duk a cikin Jugu ake kai su, motar na tafiya kamar mai ciwon ƙafa, mata na guɗa dama da hagu, wani daga mazan gida na bin ta da guntun gungume don tokare taya idan ta ƙi tsayawa. Ga shi kuma ni ɗan mace ne, bakina bai kai can ba.

Sai aure ya zo kan 'yata ta fari. Sunan Inna na sa mata, shi ya sa nake ce mata Uwata. Ma'aikaciyar jinya ce, ita ta kawo mijinta da kanta, wani malamin makaranta mai hankali da ke zaune a Lajifarani, nan cikin Paraku. Wata safiya ta same ni ina karyawa, ta zauna a gefen tabarma.

"Baba, a Jugu za a yi komai, ko? To a motar Kaka za a kawo ni."

Na ajiye kofi. Daga Jugu zuwa Paraku lafiyayyar mota ma sai ta haura awa biyu, ga manyan motocin auduga, ga shanu na tsallaka titi yadda suka ga dama. Na ce mata ko a mafarki ba zai yiwu ba.

"Inna a cikinta aka kawo ta Paraku," in ji ta. "Tun daga kanta ba a sake kawo kowa nan ba. Ni ce ta biyu, kuma sunanta gare ni."

"Uwata, motar nan ba ta da birki. Man tuya ne a cikinta."

"To ka gyara ta mana. Ba aikinka ba ne?"

Maganar nan ta soke ni. Motocin da ban san iyayen masu su ba na gyara, ga 'yata tana tambayata ko aikina ne. A wannan Asabar ɗin na kama hanyar Jugu.

Na sami Kawu a shagonsa na ƙofar gida, tsakanin huhunan goro, yana yayyafa wa ganye ruwa. Ya haura saba'in, amma idonsa ras. Muka gaisa, ya tsokane ni da cewa farcena ya fi gindin tukunya baƙi, aka kawo tuwon doya. Sai da muka yi nisa da ci na jero masa abin da nake so: in cire tsohon birki in sa na zamani mai hanya biyu, wanda ko ɗaya ta fashe ɗaya za ta riƙe, in sa bel a kujeru, in gyara wuta.

Ya gama taunawa a tsanake. "Bon. Wanki da guga na yarda. Batir, taya, na yarda. Furen kuwa, birkin da kake faɗa, ba za ka taɓa ba. Santir kuma, wannan bel ɗin naka, motar Baba za ka huda? Da me, da wannan injin naku mai kuka?"

"Kawu, birkin nan ba ya kamawa."

"Furen ɗin motar nan lafiyarsa ƙalau. Wanda bai iya takawa ba shi ke kuka da shi."

A nan zuciyata ta ɗebe ni. Na ce ko dai in canza birki in sa bel, ko kuma 'yata ta hau zem, babur ɗin haya, ta tafi gidan mijinta da lulluɓinta. Kawu ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ɗan ƙanwata, a gidan wa kake ɗaga murya?"

Na wanke hannu ban ƙoshi ba, na fito. Kafin in bar gari kunya ta rufe ni, don Inna ba ta koya mini haka ba. Amma kunyar ba ta canza komai ba. Na riga na ƙudurta a raina cewa yarinyar nan ba za ta zauna a motar da man gyaɗa ke riƙe da ranta ba, ko da dangi duka za su daina gaishe ni.

Saura wata biyu biki. Na koma Asabar ta gaba na ba da haƙuri, na karɓi ɗan abin da ya yarda da shi. Ba ya barin motar ta bar rumfarta, don haka a can nake aiki, shi kuma ya sa kujera a bakin rumfa yana cin goro yana gadina. Wutar motar mai rauni ce, fitilunta kamar aci-bal-bal. Na canza mata janareto da batir, ya ce wannan ba laifi, haske ba ya rage wa mota daraja. Na roƙi in sa ƙananan fitilun sigina da na birki a ƙarƙashin bamba, ya yarda bisa sharaɗin ɗan hannun nan zai ci gaba da miƙewa. Na ɓata yini guda ina lallashin wannan hannu, yana miƙewa rabi ya koma, Kawu na dariya yana cewa ya fi ni ladabi.

Abin da bai sani ba, duk shigar da na yi ƙarƙashin motar awo nake ɗauka. Ina rubutawa a kwalin sukari in sa a aljihu. A Paraku na zaga masu sayar da kayan motocin da aka farfasa har na sami gidan man birki mai hanya biyu da fayafayan birkin gaba na wata tsohuwar a-kori-kura. Ba su dace da ƙafar motar Kaka ba, don haka na kai wa wani mai injin sassaƙa ƙarfe a unguwar Ganu ya yanka mini farantin da zai haɗa su. Sau uku muna yi yana kaucewa, har ya ce ko dai motar aljanu nake gyarawa. Bel kuwa na nemo masu ruwan ƙasa, kalar fatar kujerun. Duk Asabar kayan nan na cikin but ɗin motata, in kai su Jugu, in dawo da su ban buɗe ba. Matata ta ce kayan sun fi ta yawon gari.

A Asabar ta huɗu na ce zan ɗaga kujerar baya, don ɓeraye sun yi gida a ƙarƙashinta. Gaskiya ne akwai ɓerayen, amma ni wurin ɗaure bel nake son gani. Ina share tarkace sai wani abu ya yi ƙyalli a lungun ƙarfe. Na zaro shi da filaya, na goge a riga. Ɗan kunne ne na zinariya, ƙirar da, mai 'yan ƙwallaye uku a ƙasa, maƙalinsa a miƙe kamar fizge shi aka yi.

Na san shi. Ɗan'uwansa na cikin kumbon Inna tun ina yaro, shi kaɗai, ba ta sawa kuma ba ta sayarwa, da ta rasu ya koma hannun Uwata. Ina durƙushe a wurin na ɗaga kai, sai idona ya faɗa kan allon katakon da ke gaban kujerar. Akwai tsaga a jikinsa, an cike ta da danƙo an shafe da baƙin man takalmi, daidai inda goshin wanda ke zaune zai kai. Inna tana da tabo a goshi wanda ya raba girarta ta hagu biyu. Duk lokacin da muka tambaya sai ta ce tuntuɓe ta yi.

Na fito na ɗora ɗan kunnen a tafin hannun Kawu. Ya daɗe yana kallonsa. Goron da ke bakinsa ma ya manta da shi.

"Mun neme shi," in ji shi. "Har ciyawar bakin hanya muka tona."

Sai ya ba ni labari, muryarsa ƙasa-ƙasa. Shi ya tuƙa ƙanwarsa ranar da za a kawo ta Paraku, yana saurayi, lasisinsa sabo. Sun ci fiye da rabin hanya, a wata gangara da ke sauka kan ƙaramar gada, sai ga shanu sun cika titi. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya sake takawa, babu. Ya karkata motar ta faɗa kwalbati, amarya ta daki allon nan, jini ya wanke mata fuska ya ɓata lulluɓin. Da ɗinki a goshi aka shigar da ita ɗakin mahaifina.

"Da muka dawo Baba ya shiga motar a tsakar gida, ya taka furen sau uku, ya kama. Ya ce mota ba ta da laifi, ƙafarka ce, tsoro ya sa ka taka inda ba nan ba. Gaban kowa ya faɗa." Ya rufe hannunsa a kan ɗan kunnen. "Tun ranar ban sake riƙe sitiyari ba."

Duk rayuwata ina ganin makulli a aljihunsa, wani na tuƙa shi, na ɗauka girman kai ne irin na masu goro. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Amma bakanike ne ni, tambaya ta riga ta taso mini.

"Kawu, Baturen nan bai bar man birki ba da ya sayar da motar?"

"Ya bari. Babban gwangwani. Ya ja wa Baba kunne, kada a kuskura a sa man inji. Da ya ƙare aka nema aka rasa, Baba ya shinshina ragowar, ya murza a yatsa, ya ce ai wannan man tsiro ne, a kawo na gyaɗa mai kyau."

"Yaushe ya ƙare?"

Ya ɗaga kai yana lissafi da bukukuwa, kamar yadda tsofaffi ke yi. Ya ambaci na wata gwaggo, ya ce a'a, lokacin akwai saura. Ya ambaci na wata. Sai ya sauke kai ya dubi motar.

"Shekarar bikin uwarka," in ji shi. "Kafin azumi."

Ban nemi izini ba. Na ɗauki sifana na shiga ƙarƙashin motar na kwance gidan man birkin, na kawo shi gabansa na buɗe a kan tire. Abin da ya fito baƙi ne mai yauƙi kamar maɗi, yana warin tsohon ƙuli-ƙuli. Robar ciki ta kumbura ta yi laushi. Na je but ɗin motata na ɗauko sabuwar roba na ajiye kusa da ita, don ya gani da idonsa. Na yi masa bayani: man gyaɗa yana cin robar nan a hankali. A tsakar gida, mota a sanyaye, in ka yi ta takawa za ta ɗan kama. Amma bayan doguwar tafiya, ƙarfe ya yi zafi, ga gangara, ko wane ne ya taka ƙafarsa ƙasa za ta tafi.

"Ba ƙafarka ba ce, Kawu."

Na zaci zai ji daɗi. Fushi ya yi. "Wato Baba ne ya fasa wa 'yarsa goshi? Abin da ka zo faɗa mini ke nan a gidansa?"

Wannan karon na riƙe harshena. Na ce, "Kaka ya san goro, bai san birki ba. Ni ma in ka bar mini huhun nan, kafin sati ya ruɓe. Ya yi iya saninsa. Amma ni na sani, Kawu. In na bar yarinyar nan ta shiga haka, ni ba ni da abin da zan faɗa wa Allah."

Aka kira la'asar, ya tashi ya tafi masallaci bai ce in zo mu je ba. Na yi tawa sallar a rumfa, kusa da taya. Ya daɗe bai dawo ba, har na fara tattara kayan aiki. Da ya shigo idanunsa sun yi ja. Ya tsaya ya dubi tiren nan.

"Tsofaffin kayan, kada ka yar da ko ƙusa ɗaya. A sa mini su a akwati." Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Wannan kayan da kake yawo da su a but wata guda, kana tsammanin ban gani ba? Sauke su."

Na rufe gareji na tare a Jugu kwana goma sha biyu. Na cire tsofaffin bututun mai gaba ɗaya na ja sababbi, na ɗaura fayafayan gaba, na wanke birkin baya na canza masa roba. Farantin da aka sassaƙa a Ganu ya zauna daram, na yi hamdala. Wurin bel ne Kawu ya kasa kallo. Da na kunna injin huda ƙarfe sai ya tashi ya shiga cikin gida. Na huda a ƙarƙashin kujera inda ido ba ya kaiwa, na sa faranti mai kauri ta ƙasa don kada ƙusa ta tsinke daga tsohon ƙarfe. A gwajin farko a bayan gari motar ta ja hagu, na dawo na sake kwancewa. A na biyu ta tsaya cak, a miƙe, har hulata ta faɗo kan sitiyari.

Saura rigimar mata. Matar Kawu ta tare ni ta ce to ludayin farko fa, a zubar da abin da aka gada? Na ce a tace shi yadda aka saba, a kawo. Ranar da aka matse man biki Kawu ya yi bismillarsa, ya tsoma farin ƙyalle, ya goge katakon gaban direba da allon nan mai tsaga har suka yi sheƙi. Kowa ya gamsu, ban da ƙudaje da suka samu wurin zama.

Ranar kai amarya aka fito da Uwata bayan azahar. Na riga na kai ɗan kunnen wurin maƙerin zinariya ya gyara maƙalin, ta sa su duka biyun. Da ta zauna a baya tsakanin gwaggonninta, Kawu ya ture matan da ke bakin ƙofa ya leƙa ciki da kansa, ya jawo bel ɗin ya ɗaura mata a kan lulluɓi, ya ja shi sau biyu ya ji ƙarfinsa. Wata gwaggo ta ce zai yamutsa mata leshi, ya ce a goge a Paraku. Sannan ya zagaya ya zauna a gaba, kusa da wani ɗan baffanmu da zai tuƙa. Ba wanda ya san zai je.

Aka ce mini uba ba ya rakiyar amarya, abin kunya ne. Na ce ni ba a matsayin uba zan je ba, bakanike ne. Na sa akwatin kayan aiki a motata na bi bayansu, idona a kan bambar nan.

Mun ci fiye da rabin hanya lafiya. Sai muka iso wata gangara mai sauka kan ƙaramar gada. Na ga jajayen fitilun da na ɗaura sun kama, ɗan hannun nan ya miƙe ta dama, motar ta sauka gefen titi ta tsaya.  Ban san lokacin da na fito da sifana a hannu ina gudu ba.

"Me ya faru? Me ta yi?"

Ɗan baffanmu ya nuna Kawu da haɓa. Tsohon na zaune, hannunsa biyu a kan katakon da ya goge da man gyaɗa, yana kallon gadar. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Ba komai," in ji shi. "Ni na ce ya taka. So nake in ga ta tsaya a nan."

Ya juya a hankali ya leƙa ta gilashin allon, inda amarya mai sunan ƙanwarsa ke zaune da bel a ƙirji.

"Ƙanwata, lafiya kike?"

"Lafiya lau, Kaka," in ji Uwata daga cikin lulluɓi.

"To, alhamdu lillahi." Ya gyara hularsa, ya dubi direba. "Mu je, a kai ta ɗakinta."